Turbar Kufena: Godiya ga Kawu

Kawu,

Ranar Juma'ar da ta wuce da na zo gaishe ka, na tarar da kai a zaure ka miƙe ƙafarka ta hagu bisa matashi. Na gyara zama, na buɗe baki zan yi maka godiya, sai ka tare ni da tambaya: wai ko ruwan da aka yi daren Laraba ya cinye mashigin rafi? Haka kake yi mini kullum. Shekara uku ke nan ina neman inda zan ajiye maganar nan a gabanka, kai kuwa kana kauce mata. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don takarda ba a katse ta. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe.

Ka san halin da ka same ni a ciki, amma bari in faɗa da bakina, don ban taɓa faɗa ba. Bayan rasuwar mai ɗakina, Allah ya jiƙan ta, ya sa Aljanna ce makomarta, an yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai, aka naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Mace idan mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, kowa ya san tana cikin juyayi, ana lallaɓa ta. Namiji kuwa kafin arba'in an fara yi masa maganar sabon aure. Na koma makaranta, ina shiga aji, ina rubutu a allo, ina amsa gaisuwa. Da dare kuwa idona biyu har kiran assalatu. Magana ɗaya ce ke zagaya kaina kamar jakin da aka ɗaure a turke: da na kai ta wajen likita tun ranar da ta fara cewa kanta na ciwo. Da na bar aikin ranar nan. Da na lura. In saƙa, in warware, in sake saƙawa. Abinci ya fita raina. Jikarka, 'yata, kan zo ta zauna kusa da ni da littafinta, in kalle ta kamar ta bayan gilashi.

Kowa ya ba ni haƙuri, kuma na san don Allah suka yi. Kai kaɗai ne ba ka ce komai ba.

Wata asuba cikin sanyi, na dawo daga masallaci, na same ka tsaye a ƙofar gida da baƙar leda a hannu. Ka miƙo mini, na buɗe, takalmin kambas ne. Ka ce, “Sa wannan, ka biyo ni.” Lokacin kana da shekara sittin da biyu. Ban tambayi ina za mu ba. Kunyarka ce ta fitar da ni, don ba a ce wa kawu a'a a ƙofar gida, ba don ina sa ran wani abu ba.

Muka ratsa ta bayan Wusasa, muka bar gidaje, muka faɗa burtalin nan da ke tsakanin gonaki, kana gaba kana sassarfa a hankali, ina bayanka. Dutsen Kufena na gabanmu, hazo ya rufe rabinsa. Ban kai tsamiyar nan ba ƙirjina ya ɗauki wuta, na dafa gwiwa ina haki. Wani dattijo a kan keke ya ja burki ya ce, “Lafiya, bayin Allah? Me ya koro ku?” Ka san mutanenmu, ba sa ganin babba da gudu su zaci alheri. Ka ce masa, “Lafiyar ce muka biyo, Baba.” Ka jira ni har numfashina ya dawo, muka ƙarasa da tafiya. Washegari ka sake zuwa. Jibi ma haka. Daga gidanka zuwa nawa tafiya ce mai ɗan nisa, kuma ba ka taɓa makara ba.

Yanzu ina iya zana hanyar nan da idona a rufe. Burtali, sannan tsamiya. Gangare zuwa fadama inda ake rake da albasa. Mashigin rafi mai duwatsu uku, na tsakiya yana motsi. Hawan marmara mai jan tsakuwa wanda ke cin ƙwauri. Tsohuwar ganuwa da ta zama tudu. Falalen dutse a gindin Kufena, inda muke tsayawa. Daga nan a zagayo ta wajen ɗorawoyi a dawo burtali. Da na auna da waya daga baya, kilomita shida ne da ɗan ɗori.

A mako na uku na gaji da ita. Na ce maka, “Kawu, ba wata hanyar ce? Kullum nan, kullum nan.” Ka ci gaba da sassarfarka, ko waiwaye ba ka yi ba, ka ce, “Hanyar lafiya a bi ta da shekara.” Na ce ai ba haka ake nufi da karin maganar ba. Ka ce, “Na sani. Amma kai ba ka san hanyar nan ba tukuna. Bin ta kake yi. Ranar da ƙafarka ta haddace ta, ka zo mu yi maganar canji.” A raina na ji haushi. Yau kuwa, cikin duk abin da ka yi mini, wannan ƙin da ka yi shi ne na fi gode maka a kai, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

Wanda ke gudu a baƙuwar hanya hankalinsa duka yana kan hanyar: ina zan karya, wane ne wancan, kare ne ko akuya, zan iya komowa? Ba ya da sauran wuri a ransa. Wanda kuma ke gudu a kan kwalta, shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba gangare, ƙafarsa ba ta buƙatar komai daga gare shi, sai tunanin da ya baro a gida ya hau bayansa su tafi tare, ga hayaƙi ga odar motoci. Na gwada duka biyun daga baya, na gani. Turbar daji wadda mutum ya sani daban take. Ba ta tsoratar da kai, don ka san abin da ke bayan kowace kwana. Amma kuma ba ta sake ka gaba ɗaya, don akwai saiwa, akwai tsakuwa mai zamewa, akwai dutsen tsakiya mai motsi. Tana karɓar wani kaso na hankalinka, ta bar maka saura. Tunanin nan na “da na sani” yakan zo, ba ya fasa zuwa. Sai dai kafin ya gama zagaye ɗaya an iso mashigi, dole in duba inda zan taka. In na haye, sai in tarar igiyar ta tsinke. Ya sake ƙullowa, hawan marmara ya sake tsinka ta. Abin da ke zuwa mini da dare dunƙule guda kamar buhu, a kan turba sai ya riƙa zuwa mudu-mudu, daidai yadda zan iya ɗauka.

Ka san ni malamin ilimin halittu ne, ba na hutawa sai na nemi dalili. A 1971 wani masani a Landan, John O'Keefe, yana bincike a kan ɓeraye, ya gano wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa waɗanda kowace ke motsawa idan dabbar ta iso wani wuri takamaimai, kamar taswira ce a cikin kai. Aikin nan ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2014, tare da May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Norwe. Na sha koyar da ƙwaƙwalwa a aji, amma sai a burtalin nan na ji abin a jikina: akwai Kufena a waje, akwai kuma wata Kufena da aka gina a cikin kaina, taki bayan taki, kuma ita ce ke jan ƙafata ba sai na umarce ta ba. Haka kuma a 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mutane gida biyu, wasu suka yi tafiyar minti 90 cikin ciyayi da itatuwa, wasu a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Waɗanda suka bi ta cikin ciyayi suka dawo da ƙarancin irin wannan saƙe-saƙen da mutum ke yi yana tuhumar kansa, har hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke da alaƙa da shi ya lafa. Da na kawo maka wannan labari da ɗoki, ka ce, “To, madalla. Ɗaure igiyar takalminka.”

Akwai safiyar da ba mu taɓa maganarta ba. Wata na huɗu ne da farawa. Mun iso falalen dutse, rana na fitowa ta wajen birni, ana jin gurnanin manyan motoci daga titin Kaduna can nesa. Ban san daga ina ya taso ba. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, ban yi ba a makabarta, don a can ina tsaye ne ana kallona a matsayin maigida. Na durƙushe a kan dutsen. Kai kuwa ka ƙara gaba kamar taku ashirin, ka juya mini baya, ka sunkuya kana kwance igiyar takalminka kana sake ɗaurewa. Igiyar lafiyarta ƙalau, Kawu, na gani. Ka yi ta ɗaure ta har na gama. Wani manomi ya doso, ka tare shi da gaisuwa mai tsawo, ka ja shi da hirar taki har ya bi ta wani gefen. Da na miƙe, ka ce, “Mu je, rana na yi.” Ka rufa mini asiri a fili, inda ba bango ba ƙofa. Allah ya rufa naka duniya da lahira.

Sau ɗaya tak ka ba ni labarinka, muna saukowa ta wajen ɗorawoyi. Ka ce turbar nan tun kana kurtu a makarantar horar da sojoji ta Zariya ka san ta, lokacin gudu umarni ne. Ka ce a 1990 aka kai ku Laberiya cikin rundunar ECOMOG, kuka ga abin da kuka gani a Monrobiya, ka dawo gida da ƙafafunka biyu da hannuwanka biyu, kowa na yi maka barka, amma barci ya ƙaurace maka. Ka ce a lokacin ba wanda ya san sunan abin, balle maganinsa. Wata asuba ka fito don kada ka tashi iyali, ƙafarka ta kawo ka nan da kanta. Ba ka ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Amma daga ranar na fahimci cewa ba takalmi kawai ka kawo mini a ledar nan ba. Abin da ya riƙe ka shekara talatin ne ka raba biyu ka ba ni rabi.

Mai juyayi kwanakinsa a tsaye suke. Litinin da Alhamis duk ɗaya, rani da damina duk ɗaya. Turbar ce ta fara nuna mini cewa duniya na tafiya, kuma da muna canza hanya kullum da ban gani ba, don sai abin da ka sani jiya kake gane ya sauya yau. Mun fara cikin hunturu, hazo ya haɗiye dutsen, leɓe na tsagewa, ciyawa ta bushe tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Sai ɗorawoyi suka fitar da furensu, jajaye, suna reto kamar tuntun hula. Bazara ta shigo, zafi tun kafin hantsi, rafin ya koma yashi, muna taka duwatsun uku don sabo kawai. Wata safiya ka nuna sama da haɓa, na ɗaga kai, shamuwa ce, ka ce ruwa ya kusa. Ba a yi mako biyu ba muka fito muka tarar ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi, na tsaya ina shaƙa, kuma na lura cewa wannan ne karo na farko tun rasuwar da wani abu ya yi mini daɗi ban ji kamar na ci amanarta ba. A Agusta gamba ta fi ƙarfin kafaɗa, raɓa na jiƙa mu har ƙugu, fakara na tashi fir daga gabanmu. Da kaka zangarniyar dawa ta sunkuyo kan burtali sai mun kauce. Sai hazo ya dawo, na ga ashe shekara ta zagayo, kuma ina raye a cikinta.

Ita turbar ba ta yi wa mutum ƙarya game da kansa. Tsamiyar da na kasa kaiwa ranar farko tana nan inda take. Ranar da na wuce ta ban sani ba, sai da na ji sanyin fadama a fuskata na waiga na gan ta a baya. Hawan marmara ma haka: da farko tafiya, sannan rabi gudu rabi tafiya, sannan wata rana har sama. A lokacin da na ɗauka ba abin da zai sake gyaruwa a rayuwata, ga abu ɗaya ƙarami yana gyaruwa a gaban idona, kuma ba mai iya musa mini shi. Akwai kuma ranakun da jiki ke yin nauyi ba dalili, in kasa abin da na yi jiya. Ka koya mini kada in yi faɗa da irin wannan rana. Ka ce tudun bai ƙaru ba, ni ne ban yi barci ba, gobe ma yana nan.

Sai mutanen hanya. A unguwa, wata da watanni, duk wanda ya gan ni sai ya sassauta murya ya ce, “Ya ƙarin haƙuri?” Gaisuwa ce ta alheri, amma kullum tana mayar da ni ranar. A turba ba wanda ya san labarina. Mai rake a fadama cewa yake, “Sannunku da himma!” Bafulatanar da muke haɗuwa da ita wajen ganuwa, da ƙwaryar nono a ka, takan matsa gefe ta ce, “A sauka lafiya.” Almajirai masu neman itace su bi mu da gudu suna dariya har mashigi su koma. Ranar Lahadi muna dawowa mu ji ƙararrawa daga Wusasa, inda tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa take tun 1929, mu yi ta gaisawa da masu tafiya ibada cikin kwalliya. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, ranar da na dawo mai raken ya ajiye fartanya ya ce, “Malam, ina ka shiga? Mun ga tsohon shi kaɗai.” Ya sara mini rake guda. A wajensa ni ba wanda aka yi wa mutuwa ba ne, mai gudun safe ne wanda aka yi kewarsa. Na daɗe ban ji daɗin wata magana kamar wannan ba. Kuma yadda zamani ya koma, da mutum ba ya shiga daji gaba gaɗi, sanin fuskokin nan shi ne tsaronmu. Ka kafa mini doka: ba fita sai gari ya waye an fara ganin mutane, ba toshe kunne da waya, ba wuce inda manoma suka san mu. Har yau ban karya ba.

Wajen ganuwar nan kuwa, in ruwa ya wanke ƙasa, tsingaro kan fito fili. Masana tarihi na cewa mutane sun zauna a gindin Kufena tun kafin birnin Zariya ya kafu inda yake, kuma labarin da aka gada yana danganta tasowar sarautar Zazzau daga Turunku zuwa wannan yanki da zamanin Bakwa Turunku, a ƙarni na 16. Nakan ɗauki guntun tukunya in juya shi a hannu. Wata ce ta gina ta, ta dafa wa iyalinta abinci a ciki, ita ma an yi kukan rabuwa da ita ko ta yi kukan rabuwa da wani. Ban san dalili ba, amma wannan yana sanyaya mini zuciya fiye da dogon jawabi. Nakan mayar da shi inda na ɗauka.

Akwai abin da ya wajaba in rubuta, saboda duk wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bayanka. Ba ka taɓa ce mini gudu ya isa ba. Da ka ga wata biyu sun wuce ina ramewa, barcin bai dawo yadda ya kamata ba, kai ne ka ce in shirya za mu asibitin Shika. Na yi gardama, na ce ni ba mahaukaci ba ne, kuma kada a ce na rasa tawakkali. Ka ce, “Wanda ya karye ana ba shi haƙuri, amma ana kai shi wajen maɗori.” Ka zauna a benci tun safe har azahar kana jirana. Likitan ya kira abin da sunansa, ciwon damuwa, ya ɗora ni a kan magani na wasu watanni, ya saurare ni. Da na gaya masa muna fita gudu, ya ce kada in bari, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana shawartar baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Da maganin, da turbar, da addu'ar iyaye, Allah ya haɗa su ya tashe ni. Mutane nawa ne a garin nan ke kwana ido biyu, ana ce musu su daure, ba su da kawun da zai zauna musu a benci?

Yanzu ga shi gwiwa ta zaunar da kai, likita ya ce ba sauran sassarfa. Na san abin yana cin ka, ko da ba ka faɗa. Ranar farko da na fita ni kaɗai, na yi ta jin kamar zan hango farar hularka a kan hawan marmara. Har yanzu a gefen dama nake bi a wajen saiwar tsamiya, don nan kake bi. Maganar canjin hanya da ka ce in zo mu yi ranar da ƙafata ta haddace ta, ƙafar ta haddace tuni, amma ba ni da sauran bukatar maganar.

Ga amsar tambayarka ta ranar Juma'a. Ruwan Laraba bai cinye mashigin ba, amma ya tafi da dutsen tsakiya, mai motsin nan. Ni da mai rake mun gangaro da wani daga gefen tudu mun dasa, ya zauna daram, sai dai ƙafata har yanzu tana taka shi da taka-tsantsan kamar tsohon. Gamba ta fara fitar da kai. Bafulatanar ta tambaye ka, na ce kana gaishe ta. Jikarka ta fara bina ranar Asabar, tana kaiwa tsamiya ta zauna ta jira ni da littafinta, kuma ranar nan a kan hanyar dawowa ta tambaye ni wace irin waƙa mahaifiyarta ke yi in tana tankaɗe, na gaya mata, muka yi ta hirarta har gida, ba wanda ya yi kuka.

Allah ya saka maka da alheri, Kawu. Allah ya ba ka lafiyar gwiwar nan, ya ja kwana, ya sa abin da ka yi mini ka tarar da shi a mizani. Na yi magana da maƙwabcina zai ara mini mota ranar Asabar mai zuwa, kuma na duba, burtalin zai ɗauke ta har kusa da tsamiya in ba a yi ruwa daren Juma'a ba. Zan zo da tabarma da shayi a fulas. Kai dai ka taho da tsohon agogonka na soja, ka zauna kai da jikarka ku duba mini minti nawa zan yi in zagayo.

Ɗan ƙanwarka.